Kisan Mummuƙe: Wa Ke da Alhakin Tsuntsun Dazukan Himalaya?

Ina roƙon mai karatu ya ara mini hankalinsa na ɗan lokaci, domin zan yi magana ne a kan wani tsuntsu wanda ba shi da suna a Hausa, wanda kuma ni kaina a hoto kawai na taɓa ganinsa.

Abin da ya jawo wannan rubutu wata 'yar muhawara ce. Wata ranar Juma'a, bayan an sauko daga masallaci, mun taru a ɗakin ɗaya daga cikinmu muna cin tuwon shinkafa da miyar kukar da aka aiko mana daga gida, sai na buɗe wani littafin tsuntsaye da na aro a laburare na nuna wa jama'a hoton tsuntsun, na ce ga shi nan yana neman ƙarewa daga doron ƙasa. Wani babban yayanmu mai karatun likita ya dube ni ya ce, "Haba ƙanena! A gida ana binne yara saboda zazzaɓin cizon sauro, kai kuma kana nan kana zaman makokin tsuntsu? To, in ma ya ƙare, wa ya kashe shi? Nuna mini mai laifin." Aka yi dariya, ni kuwa na ce, "Yaya, ka ba ni lokaci." Wannan maƙala ita ce amsar da na kasa ba shi a ranar.

Wane ne wannan tsuntsu?

Masana suna kiransa Sitta formosa. Kalmar formosa da Latinanci tana nufin kyakkyawa, don haka a nan zan riƙa kiransa kyakkyawan mahayi, saboda hawan bishiya ita ce sana'arsa. Wani Bature mai suna Edward Blyth, wanda yake kula da wani gidan adana kayan tarihi a birnin Kalkata, shi ya fara bayyana shi ga duniyar ilmi a shekarar 1843, daga wani da aka samo a Darjilin, garin nan da ya yi suna wajen ganyen shayi.

Tsawonsa santimita 16.5 ne, wato ya ɗan ɗara gwara, amma a cikin danginsa yana cikin manya. Bayansa baƙi ne da zane-zanen shuɗi mai haske da fari tun daga ka har zuwa kafaɗa, fukafukansa suna da layukan fari, cikinsa kuwa ruwan goro ne. Mace da namiji kamarsu ɗaya. Abin mamaki game da danginsa shi ne yadda suke tafiya a jikin itace. Maƙwaƙƙwafin da muka sani a gida yana hawa ne yana dogara jelarsa a jikin bishiya kamar mai tokara sanda. Su waɗannan ba sa dogara da jela, ƙarfin ƙafa da farata kaɗai suke amfani da shi, shi ya sa suke iya saukowa kai a ƙasa, su kuma bi ƙarƙashin reshe a kife. 'Yan'uwanmu da ke karatu a Ingila da Amurka za su iya ganin ƙananan danginsa a lambunan shaƙatawa suna wannan wasa. A Afirka kudu da Sahara babu ko ɗaya daga cikinsu, shi ya sa kakanninmu ba su raɗa musu suna ba.

Mazauninsa shi ne dazukan tsaunuka na gabashin Himalaya da kudu maso gabashin Asiya: ƙasar Butan, da arewa maso gabashin Indiya, da arewacin Bama, da lardin Yunan na ƙasar Sin, da Lawos, da arewacin Biyetnam. Yana zama ne a tudun da ya kai daga kimanin mita 950 zuwa kusan 2,300, idan sanyi ya tsananta kuma yakan gangaro ƙasa. Dajin da yake so shi ne mai hazo da laima, mai manyan itatuwa tsofaffi waɗanda gansakuka da ƙananan tsirrai suka lulluɓe rassansu. A cikin wannan gansakuka yake tonon ƙwari da tsutsotsi. A kogon bishiya yake yin sheƙa, idan kuma bakin kogon ya yi faɗi sai a liƙe shi da laka a rage shi. Ina so mai karatu ya riƙe wannan: abincinsa da ɗakin kwanansa duk suna jikin tsohuwar bishiya ne, tsohuwar bishiya kuwa ba a dasa ta yau a same ta gobe.

Ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, tana da matakai uku na halittun da ke fuskantar barazanar ƙarewa. Kyakkyawan mahayi yana matakin farko, kuma ƙiyasin da aka yi ya nuna cewa manyan da suka rage ba su kai 10,000 ba, a warwatse cikin tsibiran daji da ba sa haɗuwa da juna. Wato duk wannan al'umma ba ta kai yawan ɗaliban jami'a ɗaya matsakaiciya ba.

Yadda ake mutuwa ba tare da makashi ba

A nan tambayar yayana take da ƙarfi. Akasarin waɗannan tsuntsaye ba harbinsu ake yi ba. Abin da ke faruwa shi ne, manomi a kan tsauni yana yin sassabe, ya ƙone, ya shuka shinkafar tudu shekara ɗaya ko biyu, sa'an nan ya bar wurin ya zama saura ya koma gaba. A arewa maso gabashin Indiya ana kiran wannan noma jum. A da, saura takan huta shekara 15 zuwa 20 ko fiye, amma da jama'a suka ƙaru, a wurare da dama hutun ya ragu zuwa shekara 5 ko ƙasa da haka, sassaben kuma ya ci gaba da hawa cikin tsohon daji. Ga masu yankan katako da ke zaɓar manyan itatuwa, kamar itacen nan mai ƙamshi da ake kira fokiniya a Lawos da Biyetnam, wanda kasuwa ke rububinsa domin yin kayan ɗaki. Ga masu buɗe hanyoyin mota, ga masu kiwo, ga masu neman itacen girki. Bugu da ƙari ga ɗumamar yanayi, wadda take tura halittun tsauni sama sannu a hankali, alhali tsauni yana da iyaka.

Idan aka sare bishiyar, tsuntsun ba ya faɗuwa matacce a gaban mai gatari. Tashi yake yi ya tafi. Sai dai a bana bai sami kogo ba, saboda haka bai yi ƙwai ba. Baɗi ya sami kogo amma bai sami abokiyar zama ba, domin dajin da take ciki yana can bayan gonaki da titi. Wata rana sai tsufa ya ɗauke shi, babu magaji. Babu jini, babu kuka, babu gawa. Wannan shi ne Bahaushe yake kira kisan mummuƙe. To, shin inda babu makashi akwai laifi? Bari mu gwada hujjojin da aka saba kawowa ɗaya bayan ɗaya.

Hujja ta amfani

Hujja ta farko ita ce, mu kiyaye halittu domin suna da amfani gare mu, ko da ba mu san amfanin ba tukuna. Ƙasar da muke zaune a cikinta ta ɗanɗana gaskiyar wannan magana. Daga farkon shekarun 1990 ungulayen Indiya suka fara mutuwa, har wasu jinsuna uku suka ragu da fiye da kashi 95 cikin 100. Sai a 2004 aka tabbatar da cewa wani maganin ciwon jiki ne da ake ba shanu, mai suna daikulofenak, yake lalata ƙodar ungulu idan ta ci mushen. A 2006 aka hana ba dabbobi maganin. Amma kafin nan mushe ya riga ya yi ta ruɓewa a fili, ruwan sha ya gurɓata, karnukan sake suka yawaita tare da ciwon haukan kare. Wani bincike da masana tattalin arziki biyu suka wallafa a 2024 ya ƙiyasta cewa rashin ungulu ya jawo mutuwar mutane kusan 500,000 tsakanin 2000 da 2005. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Mu ma a gida, duk wanda ya girma kusa da mahauta ya san yadda ungulaye suke cika ta a da, ya kuma san yadda suka yi ɓatan dabo. Tun 2015 ungulun nan tamu ta shiga mataki na ƙarshe mafi haɗari a jerin IUCN.

Wannan hujja tana da kyau, kuma ita ce amsar rabin farko na maganar yayana, domin ta nuna cewa lafiyar yaro da rayuwar tsuntsu ba kishiyoyi ba ne. Dajin da kyakkyawan mahayi yake zaune shi ne yake riƙe ƙasar tsauni kada ta zaftaro, shi ne kuma yake tsare ruwan damina ya sake shi a hankali zuwa ƙoramu. To amma fa mu faɗi gaskiya: daji ne yake wannan aiki. Idan wannan tsuntsu guda ya ɓace gobe, da wuya wani ɗan Adam ya kwana da yunwa saboda haka. In dai amfani ne kaɗai ma'auni, to ranar da aka tabbatar cewa wata halitta ba ta da amfani, an halatta shafe ta ke nan. Mu ɗalibai da muka zauna a ƙasashen da ake auna baƙo da abin da zai kawo, ya kamata mu fi kowa tsoron irin wannan ma'auni.

Hujja ta kyau

Hujja ta biyu tana cikin sunan tsuntsun kansa. Kyakkyawa ne, asara ce a rasa shi. Mutane suna tasowa daga Turai da Amurka su kashe dubban daloli don su gan shi na minti biyu. Ban raina wannan ba, domin ni ma kyansa ne ya sa na tsaya a kan shafin littafin. Amma a can gabas, a Yunan da gabashin Bama da arewacin Tailan, akwai wani ɗan'uwansa mai suna Sitta magna, wanda shi ne mafi girma a duk dangin, mai tsawon santimita 19.5. Launinsa toka-toka ne, ba shi da ado. Shi ma tsofaffin itatuwa yake bukata, kuma halin da yake ciki ya fi muni, domin yana mataki na biyu, manyan da suka rage kuma an ƙiyasta ba su kai 2,500 ba. Idan kyau ne ma'auni, sai mu ceci mai ado mu bar mai toka ya mutu, ungulu kuwa ko a lissafi ba za ta shiga ba. Uban da yake ciyar da 'ya'yansa gwargwadon kyan fuskarsu ba ma kiransa adali.

Hujja ta tausayi

Hujja ta uku ita ce wadda muka taso da ita tun muna makarantar allo. Mun san labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare har ta mutu da yunwa, da na mutumin da aka gafarta masa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa. Duka biyun suna cikin Buhari da Muslim. Abu Dawuda kuma ya ruwaito cewa a wata tafiya wasu sahabbai sun ɗauke 'ya'yan wata tsuntsuwa, uwar ta zo tana ta kaɗa fukafukai, sai Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya umarce su da su mayar mata da 'ya'yanta. A Turai ma, wani masanin falsafa na Ingila, Jeremy Bentham, ya kafa hujja a 1789 cewa abin da ke ba dabba hakki shi ne tana jin zafi, ko da ba ta da hankali ko magana.

Wannan hujja ta fi biyun farko ƙarfi, domin ba ta tambayar amfani ko kyau. Amma ita ma ta tsaya a bakin dajinmu ta kasa shiga, saboda tausayi yana bukatar wanda za a tausaya wa, mai rauni, mai kuka. Mun riga mun ga cewa a kisan mummuƙe babu mai rauni. Ana iya shafe jinsi baki ɗaya ba tare da an azabtar da tsuntsu ko ɗaya ba. Ƙwan da ba a yi ba ba ya jin zafi. In mun tsaya a kan tausayi kaɗai, to yayana ya yi gaskiya, babu mai laifi.

Al'umma da amana

A nawa fahimtar, kuskurenmu shi ne muna neman gawar tsuntsu guda, alhali abin da ke mutuwa al'umma ce. Aya ta 38 ta Suratul An'am ta sanar da mu cewa dabbobin ƙasa da tsuntsayen sama al'ummomi ne kamar yadda muke al'umma. A cikin Buhari da Muslim akwai labarin wani Annabi da tururuwa ɗaya ta ciza, ya sa aka ƙone gidansu baki ɗaya, sai Allah Ya yi masa gyara a kan halaka al'umma sukutum mai yin tasbihi saboda laifin guda. Sa'an nan mu dubi jirgin Annabi Nuhu, alaihis salam. An umarce shi ya ɗauki biyu-biyu daga kowane iri. Da ceton ɗaiɗaiku ake nufi, da sai a cika jirgin da duk abin da ya samu. Ɗaukar namiji da mace yana nuna cewa irin ne ake so kada ya yanke. Ba a kuma ce ya zaɓi masu nono da masu nama ya bar sauran ba.

Ke nan jinsi yana da wata daraja tasa wadda ta wuce jimillar ɗaiɗaikun da ke cikinsa. Mu Hausawa mazauna ƙetare ba sai an yi mana dogon bayani ba. Yaron da aka haifa a Landan ko Jidda wanda bai iya Hausa ba lafiyarsa lau, babu inda ke masa ciwo. Amma idan duk yaranmu suka zama haka, wani abu ya mutu, ko da ba a yi jana'iza ba. Bambancin shi ne harshe ana iya rubuta shi a ajiye, tsuntsu kuwa in ya tafi ya tafi. A Amurka an yi wata irin kurciyar daji da yawanta ya kai biliyoyi, garkenta yakan rufe rana. Ta ƙarshe ta mutu a gidan namun daji na Sinsinati ranar 1 ga Satumba, 1914. Duk arzikin Amurka da ilminta ba su dawo da ita ba.

A nan maganar amana take shigowa. Abin da ba kai ka yi shi ba, ba ka kuma iya mayar da shi idan ya salwanta, to ajiya ce a hannunka. An halatta mana mu ci moriyar ajiyar, mu sare itace mu yi gini, mu yanka dabba mu ci. Ba a halatta mana mu cinye uwar kuɗin ba. Tun ƙarni na 10 wasu masana a Basara da ake kira Ihwanus Safa suka rubuta wata doguwar risala inda dabbobi suka kai ƙarar 'yan Adam gaban sarkin aljanu, suna tambayar da wace hujja mutum ya mai da su bayinsa. Shekara dubu ke nan ana wannan tambaya a cikin gidanmu, saboda haka kada wani ya ce mana wannan damuwar Turawa ce.

To, wa ke da laifin?

Malaman fiƙihu sun raba ɓarna gida biyu: wadda mutum ya yi da hannunsa kai tsaye, da wadda ya zama sanadinta. Misalin da suka saba kawowa shi ne wanda ya haƙa rijiya a kan hanyar jama'a ba da izini ba, dabbar wani ta faɗa ta mutu. Bai taɓa dabbar ba, wataƙila ma yana barci a gidansa lokacin da abin ya faru, amma sai ya biya. Wannan ita ce amsata ga yayana. Rashin makashi ba ya nufin rashin masu sanadi. Wahalar dai ita ce masu sanadin suna da yawa, kowa ya haƙa taki ɗaya ne na rijiyar, don haka kowa yana ganin hannunsa a wanke. Amma idan mutum dubu suka ɗebi tafi ɗaya-ɗaya daga rumbun maraya har ya ƙare, ba za mu ce ba a yi sata ba don kawai ba wanda ya ɗauki dami.

Sai dai rabon alhakin ba daidai yake ba, kuma a nan ne masu son tsuntsaye suke yawan yin zalunci. Mutumin da ya fi kusa da bishiyar shi ne manomin tsauni, shi ne kuma ya fi sauƙin kamawa. Amma shi ne mafi ƙarancin zaɓi. Yana sassabe ne don 'ya'yansa su ci. Ni da nake zaune a ɗaki mai fanka, da kuɗin tallafin karatu a aljihu, ba ni da bakin da zan ce masa ya bar iyalinsa da yunwa saboda tsuntsun da na gani a littafi. Alhaki yana ƙaruwa ne gwargwadon sani da iko da zaɓi. Saboda haka kason ɗan kasuwar da ya yi odar katakon ya fi na mai gatari, kason jami'in da ya sa hannu a takardar izini ya fi na direban babbar mota, kason mai kuɗin da yake son gadon itace mai ƙamshi a wani birni mai nisa kuma ya fi na dukkansu, domin shi ne ba abin da zai same shi in ya haƙura. Ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mun ga irin wannan a gida a shekarun 2010, lokacin da aka yi ta kwasar itacen madobiya daga dazukan Taraba ana lodinsa zuwa ƙasar Sin, har sai da aka sa shi cikin jerin itatuwan da ake sa wa cinikinsu ido a duniya daga 2017. Masu saran sun sami na cefane, ribar kuwa ta haye teku.

Akwai mafita kuwa?

Akwai, kuma a cikin dajin wannan tsuntsu aka gwada ta. A jihar Arunacal Faradesh ta Indiya akwai gandun daji mai suna Eaglenest, ɗaya daga cikin wuraren da aka fi samun ganin kyakkyawan mahayi. A gefensa wata ƙaramar ƙabila ce take zaune, ana kiranta Bugun. Wani masanin taurari ɗan Indiya mai sha'awar tsuntsaye, Ramana Athreya, ya ga wani tsuntsu a yankin a 1995 wanda ba ya cikin kowane littafi. Da ya tabbatar sabon jinsi ne, ya bayyana shi a 2006, ya sa masa sunan ƙabilar, ya kuma ƙi kashe ko ɗaya don ajiyewa a gidan tarihi kamar yadda aka saba, saboda ƙarancinsu. Ya wadatu da hotuna da 'yan gashin fukafuki da muryar da ya naɗa. Daga nan masu kallon tsuntsaye suka fara zuwa, mutanen Bugun suka zama masu masauki da 'yan rakiya, kuɗin yana shiga hannunsu. A 2017 suka ware murabba'in kilomita 17 na ƙasarsu ta gado suka mai da ita gandun al'umma, samarinsu ne suke gadinsa. Ba soja ne ya kore su daga dajin ba. An mai da tsayuwar bishiya ta fi faɗuwarta riba ga wanda yake zaune a gindinta, kuma mai hali ne ya biya.

Maƙwabciyarsu Butan kuwa ta rubuta a tsarin mulkinta na 2008 cewa dole aƙalla kashi 60 cikin 100 na ƙasar ya kasance daji har abada. Wato masu rai sun ɗaure hannun kansu domin waɗanda ba a haifa ba. Wannan tunani ba baƙo ba ne gare mu, domin Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya keɓe wurin da ake kira Naƙi'u kusa da Madina ya zama hima, wato keɓaɓɓen fili da aka hana kowa ya mallake shi don kansa, Sayyidina Umar kuma ya keɓe Rabaza.

Kammalawa

Mai karatu zai iya cewa, to ni ina ruwana, ban taɓa sayen katakon Lawos ba. Gaskiya ne, kasonmu a alhakin wannan tsuntsu kaɗan ne. Amma mu tuna dalilin da ya sa iyayenmu da gwamnatocinmu suka turo mu nan. Cikinmu akwai injiniyan da gobe zai zana inda titi zai bi, da lauyan da zai rubuta yarjejeniyar haƙar ma'adinai, da wanda zai zauna a ofis a kawo masa takardar izinin sare daji da ambulan a ƙarƙashinta. A yau muna cikin masu kallo, gobe muna cikin masu sa hannu, kuma a ranar ba za mu iya cewa ba mu sani ba. Kowane daji da za a kawo takardarsa gabanmu yana da nasa mahayin, wanda wataƙila ba shi da kyau, ba shi da amfanin da muka sani, ba shi ma da suna.

Ga yayana likita kuwa, ina cewa: Yaya, ka yi gaskiya, yaron da ke fama da zazzaɓi yana gaba da tsuntsu, kuma in aka ce in zaɓi ɗaya, yaron zan zaɓa ba tare da jinkiri ba. Amma sau nawa aka taɓa ba mu wannan zaɓi? Abin da aka fi ba mu shi ne zaɓi tsakanin tsuntsu da gadon alfarma, ko tsakanin daji da ambulan. Sa'an nan kai ma a asibiti ka fi ni sanin cewa yawancin yaran nan babu wanda ya kashe su da hannunsa. Wani ne bai gyara kwata ba, wani ya karkatar da kuɗin magani, wani ya ga abin ya kau da kai. Su ma kisan mummuƙe ne. Wanda ya koyi ganin alhaki a inda babu jini, zai gan shi a dajin Himalaya, zai kuma gan shi a ɗakin yara na asibitin garinsu.

Ina jiran martaninka a fitowa ta gaba, da na duk wanda yake da ja. Allah Ya ba mu ikon riƙon amana, Ya sa mu gama karatu lafiya mu koma gida da abin da zai amfani jama'a. Wassalamu alaikum.